Ku Tambayi Kawu: Daren farko na shirin hirar ɗan barkwancinmu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kam ban sha wahalar zaɓen abin da za mu tattauna ba, don tun daren Asabar wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo, WhatsApp ne, tes ne, har da waɗanda suka tare ni a bakin masallaci bayan asuba, kuma duk magana ɗaya ce, sabon shirin hira da ɗan wasan barkwancin nan namu ya fara gabatarwa a talbijin. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan tashar ba, saboda wasu saƙonnin da zafinsu suka zo, kuma ƙa'idar wannan fili ce ba ma ɗora wa mutum laifi da suna alhali ba ya nan balle ya kare kansa.

Ga wanda bai samu kalla ba, shirin awa ɗaya ne. Ya fito cikin kwat, ya tsaya shi kaɗai ya yi ta zuba raha wajen minti goma a kan tsadar mai da 'yan Keke Napep, sannan ya koma bayan wani ƙaton tebur ya zauna. Baƙuwarsa ta farko wata dattijuwa ce Bafulatana mai sayar da masa, wadda da kuɗin tanda ta yi wa 'ya'yanta karatu bayan rasuwar maigidanta, na biyu kuma wani matashin mawaƙi. Ni a teburin wani mai shayi a Wunti, nan cikin garin Bauchi, na kalla, don an ɗauke mana wuta tun magariba shi kuma yana da ɗan janareto, mun kai mu ashirin a kan benci, saboda haka na ga shirin na kuma ga fuskokin masu kallon. Wasunku sun san na yi shekaru ina aiki a bayan kyamara kafin na koma rubutu, toh da wannan idon zan amsa.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Yelwa kuma wlh ba ni da gwani kamar mutumin nan, duk wani bidiyonsa ina da shi a waya, amma ranar Asabar na zauna tun daga farko har ƙarshe dariyar da na yi ba ta fi sau uku ba. Abokaina suna ta tsokanata wai gwanina ya ƙare, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Dan Allah ya ƙare ɗin ne?

Amsa: Ɗana, gwaninka bai ƙare ba, sana'a ya canza, kuma ina ga shi kansa bai gama gane cewa ya canza ba. Bidiyon da kake da su a waya minti biyu ne ko uku, an rubuta, an gwada, an ɗauka sau biyar ko sau goma, wanda bai yi ba an zubar, edita ya zauna ya yanke duk wani numfashi da ba shi da amfani sannan aka miƙo maka tsantsar abin dariya. A can shi ne komai, kowa a fim ɗin an kawo shi ne don ya jefo masa magana shi kuma ya buga. A shirin hira abin juyawa yake, baƙo shi ne mai magana, mai gabatarwa aikinsa ya buɗe masa ƙofa ya kauce. Mutumin da ya shekara goma yana cin abinci da bakinsa yau an ce ya ci da kunnensa, ai dole a ga tangarɗa.

Abin da na lura da shi, duk lokacin da dattijuwar nan mai masa ta fara ba da labari ba ya bari ta kai aya, idonsa na kanta amma hankalinsa yana can yana neman inda zai saka wargi. Ta fara faɗin yadda take tashi ƙarfe ukun dare ta duba ƙullu ko ya tashi, kafin ta rufe baki ya tsoma zancen shi ma ƙarfe uku yake tashi amma don sauro. Aka yi 'yar dariya, labarin ƙullu ya mutu a nan. Tsoron shiru ne ke sa haka, ɗan barkwanci in ya ji daƙiƙa biyar ba a yi dariya ba sai ya ji kamar ƙasa za ta tsage da shi.

Amma akwai wuri ɗaya, kuma saboda wurin nan ne nake ce maka kar ka fid da rai. Da ta zo kan rasuwar mijinta, ta ce ranar da aka yi sadakar bakwai washegari ta hura wuta don babu ko ƙwayar hatsi a gidan, sai mutumin naka ya yi tsit. Ya ajiye katin tambayoyin da ke hannunsa, ya ce mata "Inna, wa ya fara saye a ranar?" Shikenan tambayar. Ta yi murmushi ta ce wani almajiri ne, kuma bashi ya karɓa. Wallahi teburin mai shayin nan kowa ya yi dariya, irin dariyar da ke zuwa da ƙwalla, har mai shayin ya tsaya da juya madara. Ba wanda ya rubuta masa wannan, saurare ya yi na minti ɗaya kacal sai ga abin da ya fito. Wanda ya iya yin haka sau ɗaya zai iya yi sau goma in ya samu mai gaya masa gaskiya.

Batun Laraba da Juma'a kuwa, bari na ba abokanka labari daga Amurka inda irin wannan shiri ya samo asali. A watan Satumba na 1993 mutum biyu suka fara shirin hira na dare, tsakaninsu mako ɗaya. Na farko Chevy Chase, shahararren ɗan wasan barkwanci da duk ƙasar ta sani a fina-finai, tashar Fox ta zuba kuɗi ta yi ta talla, amma shirin bai cika wata biyu ba aka rufe shi. Na biyun Conan O'Brien, marubucin barkwanci ne da kusan ba wanda ya san fuskarsa, aka ba shi kujerar da fitaccen mai shirin hira David Letterman ya bari a tashar NBC. Masu sharhi a jaridu suka yi masa ca, a bayyane yake a tsorace yake, har ta kai tashar ba ta yarda ta ba shi doguwar kwangila ba sai ta 'yan makonni ana sabuntawa. Mutumin nan sai da ya riƙe shirin har 2009. Ka ga wanda Larabarsa ta yi kyau a ido bai ga Juma'a ba, wanda aka raina kuma ya shekara goma sha biyar da ɗoriya. Ka ba gwanin naka shiri huɗu ko biyar tukunna.

Tambaya: Malam ni uwa ce daga Jekadafari a Gombe, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Da surukata muka kalla, ita ma Bafulatana ce, sai ga shi yana kwaikwayon Hausar baiwar Allahn nan, ta faɗi kalma ya maimaita da irin muryarta 'yan kallo suna shewa. Surukata ba ta ce komai ba ta tashi ta shige ɗaki. Maigidana ya ce wai na cika ɗaukar zafi ai wasa ne. Ni ce ban san wasa ba ko kuwa?

Amsa: Hajiya kin san wasa, kuma ina bayanki a wannan. Ki gaida min Goggo ki ba ta haƙuri.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani gefen, mu mutane ne masu wasa, kuma wasanmu ma har tsari gare shi. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu sai wanda ya gaji, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, Bakano da Bazazzagi haka, taubasai haka, jika ya ce wa kakarsa matarsa ta ce ba ta son mijin da ba ya cefane. Amma ki duba duk waɗannan, kowanne yana da abu biyu. Na ɗaya akwai dangantakar da ta ba ka izini, na biyu wanda ka tsokana yana da bakin ramawa kuma a fili ɗaya kuke tsaye. Toh a daren Asabar wanne ne a ciki ya samu? Shi yana kan kujerarsa, situdiyonsa, fitilunsa, 'yan kallonsa da suka zo dominsa, ya saba da kyamara kamar ɗakin uwarsa. Ita kuwa watakila ranar ta fara ganin irin wurin, an maƙala mata makirfo a mayafi, fitila na dukan idonta, ga ta sa'ar mahaifiyarsa. Ko ta so ramawa ta ina? Kuma ita ce baƙuwa, shi ya aika aka ɗauko ta. A gidan wane Bahaushe ne ake kiran baƙo a shimfiɗa masa tabarma sannan a tara yara su yi masa dariya?

Sannan abin da ya fi damuna, Hausar da yake kwaikwaya ɗin ita ce Hausar rabin mutanen da ke kallonsa a nan. Daga Bauchi zuwa Gombe, Dukku, Kumo, Dass, Tafawa Ɓalewa, Kaltungo, Billiri, mutum nawa ne Hausa ita ce harshensu na biyu ko na uku? Bafulatani, Bajari, Basayi, Batangale, Babole, Batere, kowa da irin karin da harshen uwarsa ya bar masa a baki, kuma da wannan Hausar muke ciniki muke aure muke zaman makoki. Matar da ke jin harshe biyu ba abar dariya ba ce a wurin mai jin ɗaya. Ni na ga lokacin da ta ja mayafinta ta rufe baki, daga nan amsoshinta suka koma "eh" da "a'a" na wajen minti biyar, wato ko ta fuskar aikin ma ya yi asara, don da hannunsa ya rufe bakin baƙuwarsa.

Ban ce mugunta ce ta sa shi ba. Ya saba a bidiyonsa yana kwaikwayon muryoyi ana dariya, hannu ya kai inda ya saba. Amma a can ɗan wasa ne ɗan uwansa ke tsaye a gabansa, an biya shi, ya san za a yi. Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai, shirin ba kai tsaye aka watsa ba, ɗauka aka yi aka tace, akwai furodusa akwai edita da suka kalli wurin nan suka bar shi. In da ni ne a ɗakin tacewa da na cire shi ko da za mu yi faɗa. Shawarata ki rubuta wa tashar, cikin ladabi, ki faɗi abin da kika faɗa min har da tashin Goggo. Kar ki raina wannan, na sha ganin takarda ɗaya daga mai kallo ta sa an kira taro. In abu ya wuce gona da iri kuma akwai hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992 (sunan ne kawai ya zo ɗaya da tashar Amurka da na ambata), tana karɓar ƙorafin masu kallo. Amma wannan bai kai can ba, gyara yake so, kuma zan so na ji ya buɗe shiri na biyu da ba Inna haƙuri da bakinsa.

Tambaya: Kawu dariyar da muke ji a shirin ta gaske ce ko ta inji ce? Ni tela ne a kasuwar Wunti mun yi musu da yarana.

Amsa: Malam duka biyun ne a jina. Akwai mutane a wurin, mun gan su, kuma a irin wannan ɗauka akan sa wani ya tsaya gefen kyamara yana ɗaga hannu in ana son tafi. Amma a wurare da dama an ƙara da dariyar da aka naɗa, abin da gidajen talbijin na Amurka suka fara tun wajen 1950. Yadda za ka gane, ka saurara, ta gaske ba ta tashi lokaci ɗaya ba ta mutuwa lokaci ɗaya, za ka ji wani ya riga kowa wani kuma ya makara yana ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Ta inji kuwa tsawonta ɗaya kullum, ta taso fuu ta yanke ɗif, wani lokacin ma a nuno 'yan kallo ka ga bakinsu a rufe. Ni da za su ji tawa su daina, mutanenmu ba sa son a nuna musu inda za su yi dariya.

Tambaya: Ni daga Azare nake. Duk masu sukar shirin nan hassada ce kawai ke damunsu, ku je ku ga yawan waɗanda suka kalla a YouTube da Facebook cikin kwana biyu, ko ina zancensa ake. Ɗan Arewa ba ya son ci gaban ɗan uwansa, shi ne matsalarmu.

Amsa: Ɗan uwa na ji daɗin yadda kake kishinsa, kuma ban musa ba akwai 'yan hassada, na ga kwamen ɗin wasu da ko shirin ba su kalla ba sai zagi, har da masu shiga iyaye, wannan kam Allah ya shirye su. Amma kar ka haɗa su da irin Hajiyar Jekadafari da ke sama. Wadda ta zauna awa ɗaya ta kalla da iyalinta sannan ta ɓata lokacinta ta rubuto, ai ita ce mai son shirin ya ɗore.

Yawan masu kallon daren farko kuma kar ya ruɗe ka, amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Masoyi zai kalla, maƙiyi zai kalla don ya ga faɗuwa, wanda ba ruwansa zai kalla don kar a bar shi a baya a majalisa. A 2009 Jay Leno, wanda ya daɗe yana jan ragamar shirin dare mafi shahara a Amurka, ya buɗe sabon shiri da ƙarfe goma na dare, daren farko mutum kusan miliyan 18 suka kalla. Cikin 'yan makonni akasarinsu suka watse, zuwa Fabrairun 2010 an rufe shirin. Lambar da za ta gaya maka gaskiya ita ce ta mako na shida, ranar da ba talla ba ɗoki, ga ƙwallon Turai a wata tashar, a ga wa zai ce a bar masa rimot. Kuma a intanet wanda ya kalli ɗan somin shirin ya wuce shi ma an ƙirga shi.

Tambaya: Talla ta yi yawa Kawu, na ƙirga sau shida aka tafi hutu, maganin basir, makaranta, fili, shinkafa. Har shi kansa ya ɗaga kwalin shayi yana yabo a tsakiyar hira.

Amsa: 'Yata kin ƙirga daidai. Yawancin irin waɗannan shirye-shiryen a ƙasar nan ba tasha ce ke biyan mai shiri ba, shi ne ke sayen lokaci a wurinta sannan ya bi kamfanoni da 'yan kasuwa yana neman talla don ya mai da kuɗinsa. Ga hayar wurin ɗauka, ga man janareto, ga masu kyamara aƙalla uku, mai sauti, mai fitila, edita, kuɗin motar baƙi. Saboda haka ban ga laifinsa don ya nemi talla ba. Inda na ga kuskure shi ne inda aka yanka. Ana tsakiyar labarin yadda babban ɗan Inna ya samu shiga jami'a aka tafi tallan fili, da aka dawo an koma wani zance. Wannan aikin edita ne, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi.

Tambaya: Salam. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Misau. Abin da nake tambaya, me ya sa bai fara da gayyato 'yan siyasa ya titsiye su ba? Ga matsalar ruwa, ga 'yan fansho, ga makarantu ba kujeru, shi kuma yana hira da mai masa da mawaƙi. A wasu ƙasashe na ji 'yan barkwanci ne ke faɗa wa gwamnati gaskiya.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a biya ku haƙƙinku. Abin da ka ji gaskiya ne. A Masar an yi Basim Yusuf, likitan tiyatar zuciya ne, ya fara da gajerun bidiyo a YouTube a 2011, daga baya ya koma talbijin, miliyoyin mutane na jiran shirinsa duk mako yana caccakar masu mulki da raha. Amma an kai shi gaban masu gabatar da ƙara a zamanin shugaban ƙasa Mursi, a 2014 kuma ya sanar da dakatar da shirin ya bar ƙasar. Mu ma a gargajiyance muna da wawan sarki, wanda ke faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba a sha da dariya. Saboda haka gurbin yana nan, kuma ina fatan wata rana a cike shi.

Sai dai Baba ka dubi inda yaron nan yake tsaye. Kuɗin shirinsa daga hannun masu talla yake fitowa, manyan masu tallan nan kuma kai ka san da wa suke cin abinci, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tsorona ma ba wai ya ƙi gayyato 'yan siyasa ba ne, tsorona ya gayyato su su zo da 'yan rakiya a cika situdiyo da tafi, a tashi ba a tambaye su komai ba sai wane abinci suka fi so. Titsiye ɗan siyasa sai da shiri, sai an samu masu bincike da za su tara masa alƙaluman kasafin kuɗi da alkawuran da aka yi, in ba haka ba ɗan siyasa zai zagaya da shi ya sha ruwa. Wanda bai gama koyon sauraron mai masa ba, kwamishina zai fi ƙarfinsa yanzu.

Kuma a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa, ni zaɓen Inna shi ne abin da ya fi burge ni a shirin gaba ɗaya. Kullum fuskokin da muke gani a shirye-shiryen hira su ne dai 'yan fim da mawaƙa da masu muƙami, wannan ya fita can ya shiga nan, tambayoyin ma iri ɗaya. Matar da ta yi shekaru a gaban tanda tana shan hayaƙi, ta san farashin shinkafa da mai da itace na kowace shekara a ka, in aka bar ta ta yi magana za ta faɗi halin da ƙasa ke ciki fiye da kowane mai sharhi. Kai ma Baba da za a zaunar da kai a kujerar nan ka faɗi yadda ɗan fansho ke kai ƙarshen wata, ai an taɓa gwamnati ba tare da an kira sunan kowa ba.

Tambaya: Kawu ni dai kwat ɗin nan da tebur da kofin da ba ya sha ne suka dame ni, kamar an kwafo na Turawa an liƙa. Kuma duk abinsa ba zai kamo ƙafar marigayi Ibro ba. Daga wani ɗan kasuwar Muda Lawal.

Amsa: Kan kwat da tebur mun haɗu Alhaji. Tsarin nan na fitowa a yi raha a tsaye, a koma bayan tebur, baƙo a kujerar gefe, na Amurkawa ne tun shekarun 1950, su ya dace da su. Shi kuwa duk wanda ya san shi ya san a jamfa da hula yake sakewa, a kwat ɗin nan kamar an ɗaure shi, hannunsa na ta komawa wuya. Teburin kuma ya shiga tsakaninsa da Inna, yana sama tana ƙasa kamar ta zo neman aiki. Zanen aro ba ya rufe katara. Me zai hana a yi zaure, a shimfiɗa darduma da tum-tum, a kawo shayi na gaske a zuba, in baƙo babba ne a gaishe shi yadda ake gaida babba? Muna da 'yan kama, muna da 'yan gambara, muna da wasannin tashe, mun ga abin da su Samanja da Ƙasimu Yero suka yi a talbijin da kayan gida tun kafin a haifi yaron nan. A Indiya ma da ɗan barkwanci Kapil Sharma ya fara nasa a 2013 bai ɗauko teburin Amurka ba, gida ya gina a dandalin, da iyali da maƙwabta masu shigowa suna fita, mutanensu suka ga kansu a ciki.

Batun Ibro kuwa, Allah ya jiƙan Rabilu Musa, tun rasuwarsa a Disambar 2014 duk wanda ya taso sai an auna shi da shi, kuma ba adalci ba ne. Ibro a fim ya yi sunansa, wannan kuma hira yake son koya. Trevor Noah ɗan Afirka ta Kudu da ya gaji shirin ɗan barkwancin Amurka Jon Stewart a Satumbar 2015 haka aka yi ta yi masa, kullum ba ka kai mai gidan da ya tafi ba, sai da ya daina ƙoƙarin zama kamar wancan ya koma ba da labari da idonsa na baƙo a Amurka sannan aka karɓe shi, ya yi shekara bakwai.

Tambaya: Kawu ina SS3 a nan Bauchi kuma ina son na zama mai gabatar da irin wannan shirin. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya ba ki sa'a 'yata. Ki fara da kakarki ko wata tsohuwa a unguwarku, da izininta da na iyayenki. Ki ari waya ki kunna rikoda, ki tambaye ta yadda aka yi bikinta ko yadda garin nan yake tana yarinya, ki yi minti ashirin. Sannan ki zauna ki saurara ki ƙirga sau nawa kika katse ta, kuma sau nawa tambayarki ta fito daga abin da ta faɗa yanzun nan ba daga takardarki ba. Ki maimaita da mutum goma. In kin gama sakandare akwai sashen koyon aikin jarida a manyan makarantunmu, kuma gidajen rediyo da talbijin na jiha irin su BRC da BATV wuri ne da ɗalibai ke zuwa sanin makamar aiki, ki nemi shiga ko da ɗaukar kayan aiki za a sa ki.

Tambaya: Mu wasu mata ne a wani guruf a Fadaman Mada, labarin Inna mai masa ya taɓa mu, mun ɗan haɗa wani abu muna son kai mata. A ina take?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi. Ba zan buga inda take a mujalla ba, don ba ta ba ni izini ba kuma ba kowa ne zai je da irin niyyarku ba. Ku kira lambar da ake nunawa a ƙarshen shirin ku nemi furodusa, ku ce a tambaye ta tukunna ko tana so. In ta amince ku je ku biyu ko uku, da hantsi bayan ta sauke tanda, kuma dan Allah ku bar wayoyinku a jaka.

Sauran saƙonnin da ban samu amsawa ba, musamman masu tambaya a kan mawaƙin da aka yi hira da shi, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ɗalibin Yelwa kuma ka sake rubuto min bayan shiri na huɗu.